Shafin Intanet Ya Tsufa: A Rushe A Sake Gini, Ko A Gyara?



Akwai maganar da ke yawan tasowa a tarukan ƙungiyoyi irin tamu, da makarantu da ƙananan kamfanonin 'yan uwanmu a nan kudu. Shafin intanet da aka haɗa shekara goma da suka wuce ya fara ba da matsala, sai matasanmu masu ilimin kwamfuta su ce harshen PHP da aka rubuta shi da shi ya zama tsohon yayi, a watsar a koma React ko Node.js. Mu a ganinmu ba haka ya kamata a yi ba, a riƙe PHP ɗin amma a sabunta shi tun kafin ya jawo asara.

PHP ya tsufa, wannan gaskiya ne, domin tun 1995 Rasmus Lerdorf ya fito da shi. Sai dai shekarunsa ba su hana shi aiki ba. WordPress, wanda sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya ke kansa, da PHP aka rubuta shi. Wikipedia ma kan PHP take. Facebook kansa da PHP ya fara a 2004. Har gobe ana fitar da sabon PHP, PHP 8 ya fito a watan Nuwamba 2020, ana kuma ci gaba da yi masa ƙari. Da tsohuwar zuma ake magani.

Fasahar da ta mutu daban take. Masu shekaru a cikinmu za su tuna Flash, wanda ake yi wa shafuka ado da shi, hotuna na motsi, kiɗa na tashi. Kamfanin Adobe ya sanar a 2017 cewa zai daina kula da shi, ranar 31 ga Disamba 2020 ya rufe shi, manhajojin buɗe shafuka kuma suka daina karɓarsa. Wanda shafinsa ke kan Flash ba shi da zaɓi, dole ya ƙaura. Don haka kafin a kira wata fasaha tsohuwa, a fara bincika ko masu ita na kula da ita har yanzu.

A nan ne masu cewa "tunda yana aiki a ƙyale shi" su ma suka kauce hanya. Shafuka da yawa suna nan kan PHP 5.6, wanda aka daina toshe masa kafofin tsaro tun 31 ga Disamba 2018. PHP 7.4 ma an sake shi tun Nuwamba 2022. Duk ɓarakar da aka gano a cikinsu bayan nan a buɗe take, masu kutse kuma sun san da ita. Shafin ƙungiya yana ɗauke da sunayen mambobi, lambobin wayarsu, adireshin shagunansu, da lissafin kuɗin wata. Idan waɗannan suka faɗa hannun 'yan damfara, gobe za a kira dattijonmu da sunan ma'aji a ce ya tura kuɗi. Ga kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yuni 2023, wadda ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su. Amana ce a wuyanmu.

Abin da ya sa muka fi son gyara a kan sabon gini shi ne, tsohon shafi ya tara abubuwan da babu wanda ya rubuta su a takarda: yadda ake lissafa bashin wanda ya yi tafiya, yadda ake rage wa gwauruwa kuɗin wata, yadda ake fitar da rasit. Wanda zai fara daga tushe sai ya sake gano su ɗaya bayan ɗaya, kuskurensa kuma a kan kuɗin jama'a zai faɗa. Kamfanin Netscape ya gwada irin wannan a 1998, ya ajiye tsohon aikinsa ya fara sabo. Kafin Netscape 6 ya fito a ƙarshen 2000, Internet Explorer ya riga ya kwashe kasuwa. Idan babban kamfanin Amurka ya sha wannan wahala, ina ga ƙungiyar da ke rayuwa da karo-karo?

Akwai kuma batun wayoyin mambobi. Shafin da aka cika da JavaScript sai waya ta sauke kaya masu nauyi kafin ya buɗe. Ɗan uwanmu da ke Mile 12 a Legas ko Sabo a Ibadan, da ƙaramar waya da data ta kwana ɗaya, so yake ya duba sanarwa ya koma kan ciniki. Sannan a tuna cewa wanda ya haɗa shafi ba zai dawwama a gari ba. Mai iya PHP da WordPress ba ya wuyar samu, kuma kusan duk kamfanonin da ke ba shafuka masauki suna karɓar PHP a farashi mai sauƙi.

Matasanmu suna da hujja idan suka ce kasuwar aiki na neman masu React da Node.js. Su koya, muna ƙarfafa musu gwiwa, kuma in za a gina sabon abu kamar manhajar waya, a ba su dama. Rajistar mambobi dai ba wurin gwaji ba ce.

Shawararmu ga shugabanni ita ce a tambayi mai kula da shafi wane PHP ake kai. In 5 ne ko 7, a ware kuɗin ɗaga shi zuwa PHP 8 da ake kula da shi yanzu. A sani cewa aiki ne na gaske, domin tun PHP 7 aka cire tsohuwar hanyar da shafuka ke magana da rumbun bayanai na MySQL, sai an sake rubuta waɗannan sassa. A ɗauki kwafin komai kafin a taɓa, a gwada a gefe kafin a ɗora. Lambobin sirri na shafi da na masauki su kasance a hannun shugabanni biyu aƙalla, da sunan ƙungiya. Ba a fafe gora ranar tafiya, kada a jira sai an yi kutse.

Masu sana'ar a cikinmu, muna jiran ra'ayinku kafin taro na gaba.

Sakataren Ƙungiya