Filin Manomi: Furen iris da sirrin gado

A ƙasashen Turai akwai wani fure da ake kira iris. Ba a cin shi. Ana shuka shi cikin lambu don kyaunsa. Wani shuɗi ne, wani rawaya. Wani kuma fari ne mai zanen shuɗi a gefe, kamar rigar da aka yi wa aiki a wuya.

Launin nan gado ne. Iris na lambu yana da kakanni na daji. Manya daga cikinsu biyu ne: ɗaya mai shuɗin fure, ɗaya mai rawaya. Masu lambu suka riƙa ɗaukar garin furen wannan suna sa wa wancan. Jikokin suka fito da launi iri-iri.

Amma zanen gefe yakan ɓuya. Ba ya fitowa sai tsiro ya gaje shi wajen uwa da wajen uba duka.

Wani malami, Mendel, shi ya fara gane wannan. Ya haɗa wani waken Turawa mai furen shunayya da mai farin fure. Ƴaƴan duka suka yi shunayya, fari ya ɓace. Da ya shuka jikoki 929, sai 224 suka fito da farin fure. Wajen ɗaya cikin huɗu ke nan. Ya bayyana aikinsa a 1865. Makiyayi ma ya san haka: wani lokaci akuya takan haifi ɗa mai kamar kakansa.

Don haka mai lambun da ya sami iris mai kyau ba ya dogara da ƙwayarsa. Saiwar yake rabawa ya dasa, kamar yadda ake dasa itacen rogo. Launin ba ya canjawa.

Hatsi ba a dasa saiwarsa. Iska ce ke ɗaukar bununi daga gonar maƙwabci ta kai wata gona. Zangarniya tana iya yin kyau a ido, alhali ƙwayarta ta gaji jinkirin nuna. Shekarar da damina ta yi gajarta, mai gona ya yi asara.

Manomin da ya karɓi iri mai saurin nuna, kamar HKP, ya zaɓi irinsa a tsakiyar gona, nesa da iyaka. Bayan ƴan shekaru ya je wajen malamin gona ya sabunta shi. Hatsin baɗi yana cikin irin bana.