Ba Talaucin Kamaye Ne Zai Ɓata 'Ya'yanmu Ba

Mun ji wasu dattawan ikkilisiya a Jega da Maiyama suna neman a hana yaranmu kallon Daɗin Kowa, wasan kwaikwayon nan na tashar Arewa24. Wai talauci ya yi yawa a ciki, wai kuma ba masu bi ne suka shirya shi ba. Da girmamawa ga iyayenmu dattawa, ba mu yarda ba.

Yaron da yake dakon albasa a Aliero bayan an tashi makaranta, shi za mu ɓoye wa talauci? Ya fi mu sanin ranar da ba a ɗora tukunya a gidansu ba. Littafi Mai Tsarki ma bai ɓoye ba. A Makarantar Lahadi muna koya musu labarin Rut tana kala a gonar Bo'aza, da gwauruwar Zarefat da ragowar garinta, da Li'azaru a ƙofar mai arziki. Ko waɗannan shafuka ma za mu yage?

Game da waɗanda suka shirya shi kuwa, a cikin wasan akwai Stephanie, yarinya Kirista da take zaman lafiya da maƙwabtanta Musulmi. Mu da muke tsiraru a nan, sau nawa 'ya'yanmu suka ga mai suna irin nasu a fim ɗin Hausa?

Abin da ya kamata ya dame mu daban ne. Adama tana yi wa mijinta Kamaye wulaƙanci don ba shi da shi, gida ya ɓarke da dariya, 'yar shekara 8 tana zaune tana haddacewa. Ga kuma maganar shaye-shaye, wadda ta fi ƙarfin ƙananan yara. Hukumar Tace Finafinai ta Kano, da aka kafa a 2001, tana da nata ma'auni. Ba ta san 'yarka ba. Uba ne zai zauna tare da ita, ya tambaye ta ko abin da Adama ta yi daidai ne. Idan muka kashe talabijin muka tafi, gidan kallo da wayar abokai suna nan, can kuwa babu mai tambaya.

Muna roƙon Zumuntar Mata da malaman Makarantar Lahadi su kalli ko kashi uku ne, su kawo wa dattawa rahoto. Dattijon da bai kalli ko ɗaya ba, muna roƙonsa ya dakata da ɗaga hannu ranar da za a yanke shawara.