Kafin ka zana alamar AR, fara tambayar kyamara

1/ Jama'a, yau zare ne mai ɗan tsawo, ku yi haƙuri. Saura kwana 9 difens ɗin firojet ɗina na tsaya gaban sufabaiza, na haska waya a kan alamar AR da na kwana uku ina zanawa. Zuciyar mutum ce ya kamata ta fito a kan takardar. Ta fito ɗin, amma sai juyi take kamar fanka. 🧵

2/ Malam ya gyara tabarau ya ce, "Kai, zuciyar ce ke rawa ko hannunka?" Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na koma ɗaki na yi ta tonon kod har asuba. Ashe kod ɗin lafiyarsa lau. Zanen ne matsalar.

3/ Ga wanda bai sani ba: AR ita ce fasahar da ke ɗora hoton kwamfuta a kan abin da kyamararka ke gani, irin filtar Snapchat. Alama kuma zane ne da ake bugawa a takarda. Kyamara na ganin sa sai manhaja ta gane inda za ta ajiye hoton, da girmansa, da ɓangaren da zai fuskanta.

4/ Ra'ayina a taƙaice: yawancinmu muna zana alama don ta burge mutum, muna mantawa cewa kyamara ce mai karantawa. In ba ta gane ba, duk kyan zanen ya tashi a banza. Ita ake fara tambaya, kwalliya ta biyo baya.

5/ Me na zana? Dagin Arewa. Na ce ai dole a san ɗan gida ne ya yi aikin. To amma ka juya dagi ta ko'ina cikin ɓangarori huɗu, kamanninsa ɗaya ne. Manhaja ta rasa ina ne sama, ina ne ƙasa, sai ta riƙa canza shawara a kowane motsi. Asalin fankar ke nan.

6/ Da AR.js na yi aikin, wadda ke tafiya a burauza ba tare da an sauke manhaja ba. Tushenta ARToolKit ne, wanda Hirokazu Kato ya ƙirƙira a 1999. Alamarta murabba'i ce mai baƙin baki, kuma a tsarin asali bakin na cin kashi 25 cikin 100 na faɗin ta kowane gefe.

7/ Ga abin da ya fi ba ni mamaki: zanen da ke tsakiya, manhajar na matse shi ya koma fiksel 16 a tsaye, 16 a kwance. Ka ji fa. Duk siraran layukan da na ɓata dare ina lanƙwasawa sun narke sun zama toka-toka. Na yi wa makaho kwalliya.

8/ Abin da ya cece ni babbar rigar Baba ce da na tuna. Aikin aska na gaban riga: dogayen tsinaye masu kaifi, kuma ba su daidaita hagu da dama ba. Na ɗauki aska biyu kawai, na yi su manya, baƙi a kan fari, na matsar da su gefe ɗaya. Zuciya ta tsaya cak.

9/ Kun ga ke nan ba cewa nake a watsar da zanen gida ba. A zaɓi wanda ya dace. Zanen hula mai maimaita kansa da dagi suna rikita na'ura. Aska tana da kusurwa, tana da sama da ƙasa. Masu ɗinkin da ba su taɓa jin AR ba sun riga mu yin abin da kyamara ke so.

10/ In da Vuforia ko ARCore kake aiki, su hoto suke bi ba baƙin murabba'i ba, amma dokar kusan ɗaya ce. Kusurwoyi masu kaifi suke nema, warwatse a duk faɗin hoton. Da'ira da layi mai santsi ba sa ba su abin kamawa. Vuforia na ba hoto tauraro 0 zuwa 5. ARCore na ba da maki har 100, kuma Google na son aƙalla 75.

11/ Launi ma kar ya ruɗe ka. Waɗannan manhajojin da haske da duhu suke aiki. Ja da kore masu ƙarfi ɗaya suna sheƙi a idonka, amma ka mayar da su baƙi-da-fari sai su haɗe. Kafin ka buga, cire launin gaba ɗaya ka duba. In kai ba ka bambance ba, ita ma ba za ta iya ba.

12/ Yanzu maganar manhajar zane. Don Allah a daina haɗa alama a manhajar gyaran hoto ta waya, a tura ta WhatsApp, a buga. WhatsApp na matse hoto, gefuna su yi hazo, alhali gefen ne kyamara ke nema. Yi amfani da zanen bekta.

13/ Bekta na ajiye zane a matsayin lissafin layi da kusurwa, ba tarin ɗigo ba. Alamar da ka yi santimita 5 don littafi za ka iya mayar da ita mita 1 don bango, gefen na nan da kaifinsa. Inkscape kyauta ce tun 2003, da SVG take aiki. Ba sai ka je neman kirak mai cike da bairos ba.

14/ Yadda nake yi yanzu: in sa ma'auni a milimita, in shimfiɗa layukan raga 16 da 16 a tsakiya, in tabbatar babu layin da ya gaza gida biyu kauri. In bar farin fili kewaye da baƙin bakin. In da rubutu, in mayar da shi zane, don kar kwamfutar shagon firintin ta canza min salon haruffa.

15/ A shagon firintin ma akwai tarko. Kai masa PDF, ka ce ya buga a ainihin girmansa, kar ya ja shi ya cika shafi. In ya ce a yi laminatin mai ƙyalli, ka ce a'a na gode. Ƙyallin na mayar da baƙi fari a ƙarƙashin fitila. Manna takardar a kwali don kar ta lanƙwashe.

16/ Na san wani zai ce, "Malam, ai alama ta tsufa, yanzu waya na gane ƙasa da tebur da kanta." Gaskiya ne, ARKit na yi tun 2017, ARCore ma haka. Amma ARCore sai wayoyin da Google ta tantance, ARKit kuma sai na'urorin Apple. Leƙa ajinku ka ƙirga masu irin su.

17/ Takarda ɗaya da aka zana da kyau na iya sa ɗalibar sakandare ta ga zuciya tana bugawa a wayar yayanta. In alamar ta ƙi aiki, ba za ta ce zanen ne ba. Cewa za ta yi abin ba na irinsu ba ne. Wannan ya fi makin difens ɗina nauyi.

18/ Wani kuma zai ce to shi ke nan kullum baƙin akwati mara kyau? A'a. VuMark na Vuforia an yi shi ne don tambarin kamfani da lambar sirri su zauna a zane ɗaya, kuma a Adobe Illustrator ake tsara shi a fitar da SVG. Ana iya haɗa kyau da aiki, sai dai aikin ne gaba.

19/ Gwajin da nake ba kowa: ari wayar da ta fi kowacce tsufa a hostel. Gwada a rana tsaka, gwada da magariba an ɗauke wuta da tocila, gwada daga nesa, gwada a karkace. In ta tsallake waɗannan huɗun, to ka kai wa Malam.

20/ Difens dai an yi, Alhamdu lillahi, zuciya ba ta yi rawa ba sai tawa. Wanda ke da alamar da ke ba shi wahala ya ajiye hotonta a ƙasa mu duba tare. In dagi ne, na riga na san ciwon. 😅