Ɗan Jagoran da Ba a Tambayarsa Shaida

'Yan kasuwa na Babban Duhu da sauran garuruwan ƙasar Batsari da Safana, da yawansu sun bar ɗaure kuɗi a lalita, tsoron hanya ya sa sun koma aikawa ta waya. To, ashe ita ma hanyar wayar ba ta rasa masu tare ta.

Watau na'ura ba ta san suna ba, lamba ta sani. In mutum ya rubuta sunan bankinsa, sai wayarsa ta tambayi wata na'ura ta kamfanin waya ina gidan wane. In ba ta sani ba, sai ta tambayi tushe, tushe ya nuna mata masu riƙe da wutsiyar sunan, kamar .ng da ƙungiyar NiRA ke kula da shi, su kuma su nuna mata mai sunan. Wannan tsari shi ake kira DNS, Paul Mockapetris ya shirya shi a Amurka cikin 1983. Ran 4 ga Oktoba 2021 hanyar zuwa ga masu amsa sunan Facebook da WhatsApp ta ɓace, duniya ta yi wajen awa 6 ana lalube. Mutanen Batsari da Safana kam ba su san an yi ba, gama tun Satumba aka yanke musu waya saboda 'yan bindiga.

Ɓacewar suna da sauƙi. Abin tsoro shi ne sunan yana nan, amma ya kai mutum gidan da ba shi ba. Da aka shirya tsarin ba a sa sharaɗin hatimi ga amsa ba. Cikin 2008 wani masani, Dan Kaminsky, ya nuna yadda mugu zai yi wa mai tambaya ruwan amsoshin ƙarya har ɗaya ta riga ta gaskiya shiga. Na'urar kuwa takan riƙe abin da aka faɗa mata, ta yi ta maimaita wa duk wanda ya zo, kamar dillalin da aka ruɗa da safe, ya wuni yana kai baƙi rumfar macuci da zuciya ɗaya. An toshe wannan kafa, wasu suka saura. A Afrilu 2018 ɓarayi suka karkatar da masu neman shafin ajiya na MyEtherWallet zuwa nasu. Na'urori sun yi gargaɗi cewa takardar shaidar gidan ba ta inganta ba, waɗanda suka ƙi ji suka tafka hasara.

Magani yana nan, sunansa DNSSEC, kuma malamai za su gane shi nan take, domin isnadi ne. Tushe ya sa hatimi tun 2010, yana shaidar na ƙasa da shi, shi ma yana shaidar na ƙasa, in silsila ta yanke a jefar da amsar. Sai dai ba ya aiki sai mai suna ya sa hatiminsa, kamfanin waya kuma ya duba. Lalle ya wajaba a kan bankuna da ofisoshin Gwamnati, hukuma ta tilasta musu, tun da dukiyar talakawa ke wucewa ta nan.

Amma hatimi ba ya kare mutum daga sunan da aka sāke wa harafi guda aka turo masa cikin saƙo. Nan ɗan kasuwa ne zai tsare kansa, ya shiga ta manhajar bankin kaɗai, in kuwa waya ta yi gargaɗi ya dakata, kada ya rubuta lambar sirri.