Idon Alƙalin Wasa Da Almuru

A ƙasar Amurka akwai wani wasan ƙwallo da ake kira sofbol, ƙanen besbol ne, an ƙago shi a birnin Shikago cikin shekarar 1887. Mutum ɗaya ya jefo ƙwallo, wani ya tare shi da kulki ya buga, sa'an nan ya sheƙa da gudu ya kewaye fili. Wasan zagaye bakwai ne, ba a kuwa auna shi da agogo kamar ƙwallon ƙafa, sai an gama zagayen nan ake tashi. Saboda haka a filayen makarantu da na ƙananan garuruwa, inda babu fitilu, sau da yawa rana takan faɗi wasa bai ƙare ba. Doka ta ɗora wa alƙalin wasa nauyin ya duba, in duhu ya yi ya tsai da wasa. Abin tambaya shi ne, da me zai duba? Da idonsa. To, ga abin da masana suka gano, idon nan shi ne shaidar da bai kamata a dogara gare ta ita kaɗai ba a wannan shari'a.

Dalili kuwa, ido ba ma'auni ba ne, abu ne mai sabo. A can bayan ido akwai wani tantani mai ƙwayoyin gani iri biyu. Iri ɗaya na rana ne, su ke rarrabe launi da ƙananan abubuwa, suna kuma da hanzari. Ɗaya irin na dare ne, suna jin haske komai ƙanƙantarsa, amma ba su san launi ba, ga su da nawa. Sa'ad da rana ta yi ƙasa, ido yakan riƙa miƙa aiki daga waɗancan zuwa waɗannan sannu sannu, mai idon bai sani ba. Wanda ya taɓa zama hira a ƙofar gida tun la'asar sakaliya ya san wannan: yana ganin fuskar abokin hirarsa sarai, sai wani ya fito daga ɗaki mai fitila ya ce, ashe a duhu ake zaune.

Da za a ajiye na'urar auna haske a filin, da ta ba da wani labari dabam. Tsakar rana, in gari ya yi garau, haske yakan kai kamar luks 100,000, watau sunan ma'aunin ke nan. Daidai faɗuwar rana ya sauko wajen 400. Kafin rana ta nutsa digiri 6 a ƙarƙashin gefen sama, lokacin da masu ilmin taurari ke lissafa ƙarshen almuru, bai fi luks 3 ba. Watau cikin kimanin rabin sa'a haske ya ragu fiye da ninki 100, alhali kuwa mutumin da ke tsaye a filin ji yake ɗan lumshi kawai aka yi.

Ba a nan matsalar ta tsaya ba. Duk sa'ad da haske ya ragu, saƙon da ido ke aika wa ƙwaƙwalwa yakan yi jinkiri. Wani Bajamushe mai suna Carl Pulfrich ya bayyana wannan a 1922, aka kuma auna daga baya aka ga cewa in haske ya ragu ninki 10, jinkirin yakan ƙaru da kimanin kashi 15 cikin 1,000 na sakan. Mai sauraro zai ce wannan ai ba wani abu ba ne. Amma a wasan manyan mata, tsakanin mai jifa da mai bugu ƙafa 43 ne kacal, ƙwararriya kuwa takan jefa ƙwallo da gudun mil 65 a sa'a ko fiye, ya iso bai cika rabin sakan ba. A wannan gudu, ɗan jinkirin nan ƙafa ɗaya da rabi ne na tafiyar ƙwallo. In hasken ya sāke raguwa ninki 10, ya zama kusan ƙafa uku. Mai bugu tana ganin ƙwallon a inda ya riga ya bari. Mai jifa ma, wadda ƙwallon ke iya komo mata a fuska da gudun da ya fi na jifarta, haka abin yake gare ta. Sunan wasan da Turanci yana nufin ƙwallo mai taushi, amma wanda ya taɓa riƙe shi ya san sunan yaudara ne.

Shi alƙali fa, in ya ɗaga kai don ya gwada haske, abubuwan da ke tsaye yake dubawa: itatuwa, allon maki, mutane a bakin fili. Duk yana ganinsu. Gwajin nan bai taɓa abin da ke da haɗari ba ko kaɗan.

Ba a rasa misalin abin da rashin ganin ƙwallo ke jawowa ba. Ran 16 ga Agusta 1920, a filin Polo Grounds na birnin Niyu Yok, ƙwallon besbol da Carl Mays ya jefa da yamma ya sami Ray Chapman a ka, ya rasu washegari. Ƙwallon ya yi dauɗa, waɗanda suka gani kuma suka ce Chapman bai ko motsa ba. Bayan wannan ne aka tsananta wa alƙalai su riƙa sauya ƙwallo da zarar ya yi datti. Shi ma ƙwallon sofbol na yau, rawaya mai ɗaukar ido ake yinsa, domin launin da ke tsakanin rawaya da kore shi ido ya fi ji.

Sai dai alƙalin da ya yi saurin tsai da wasa shi ma ba ya tsira. A wannan fili dai, cikin Oktoba 1922, George Hildebrand ya tashi wasa na biyu na gasar ƙarshe ta besbol ana 3 da 3, ya ce duhu ya yi, ga rana kuwa ba ta faɗi ba. 'Yan kallo suka yi ta ihu suna zargin an yi haka ne don a sāke karɓar kuɗin ƙofa, har shugaban wasan, Kenesaw Landis, ya ba da kuɗin ranar, fiye da dala 120,000, sadaka. Alƙali ke nan tsakanin wuta biyu. Ɓangaren da ke gaba yana son a tashi, wanda ke baya yana rantsuwa gari da sauran haske, kowa kuma da gaskiyar idonsa.

Masu wasan kurket sun ɗan fi dabara. Tun 2010 aka daina tambayar masu bugu ko suna so a ci gaba, hukunci ya koma hannun alƙalai kaɗai, kuma a manyan wasanni suna riƙe da na'urar auna haske. Karo na farko da suka tsai da wasa sai su rubuta abin da na'urar ta nuna, ya zama mizani har wasan ya ƙare. Da wannan mizani Aleem Dar da Kumar Dharmasena suka tashi wasan Ingila da Ostareliya a filin Oval na Landan cikin Agusta 2013, Ingila na neman maki 21 da sauran jifa 24. An yi musu ihu, amma abin da aka auna wa wancan ɓangare shi aka auna wa wannan, ba wanda zai ce an yi son kai.

Na'urar ma tana da iyaka, ba ta san ko bayan mai jifa farin bango ne ko duhun itatuwa ba, don haka ba za a ƙwace wa alƙali ikon tsai da wasa da wuri ba. Abin da ya kamata a ƙwace masa shi ne ikon jan wasa ya wuce iyaka. Filin makaranta ba sai ya sayi na'ura ba, lokacin faɗuwar rana sananne ne ga kowane gari da kowace rana. A shirya tun kafin jifar fari cewa ba za a soma sabon zagaye ba in ya rage minti kaza rana ta faɗi, a faɗa wa ɓangarorin biyu, domin kada wanda ke gaba ya riƙa jan ƙafa yana jiran duhu ya cece shi. Adadin mintocin kuwa sai a duba inda garin yake. A Shikago almuru kimanin rabin sa'a ne, a Landan cikin watan Yuni yakan kai minti 45, amma a Akara ko Yawunde da kyar yake wuce minti 20.