Tayar da ta dace da Maitama ba lallai ta fitar da mota daga taɓon Diobu ba

Duk wanda aiki ya taɓa kai shi Fatakwal tsakanin Yuni da Satumba ya san ruwan can ba ya sallama. Yakan sauko da hantsi, ya ɗauke, ya dawo da la'asar, wani lokaci ya kwana yana zuba. Abin da ke sauka a birnin cikin shekara ya haura milimita 2,000, alhali Kano ba ta cika samun 1,000 ba. A Mile 2 Diobu, inda Hausawa 'yan kasuwa da direbobi da 'yan dako suka daɗe da zama cikin sauran ƙabilu, da zarar mota ta sauka daga titin Ikwerre ta shiga lungun da magudanarsa ta toshe, ƙasa takan koma kamar kunu. A nan ake gane direba, a nan kuma ake gane taya. Motar da ta taso daga Abuja tana ƙyalli sai ta tsaya cak, ƙafafunta na juyawa a wuri ɗaya suna watsa caɓi, ga kuma tsohuwar a-kori-kura ɗauke da buhunan albasa ta raɓa ta gefenta ta wuce.

A ofisoshin gwamnatin tarayya, taya ce abu na ƙarshe da ake tunawa da shi. Ana zaman kwamiti kan irin motar da za a saya, ana musu kan launi da girman inji da wanda za a ba wa, amma idan taya ta cinye sai a miƙa wa direba 'yan kuɗi a ce ya je ya samo mai sauƙi. Wannan ɗabi'a ta cancanci a sauya ta. Dukkan nauyin mota da na mutanen cikinta yana kan wurare huɗu ne da ke taɓa ƙasa, kowanne bai wuce faɗin tafin hannu da yawa ba. Birki da sitiyari da ƙwarewar direba duk ta nan suke isa ga hanya. Zaɓen taya zaɓe ne na ƙasar da za ta taka da yanayin da za ta shiga da nauyin da za ta ɗauka, kuma wanda ya sa hannu a takardar kuɗin ne ya kamata ya san waɗannan ukun.

Ma'aikatan Abuja ba sa buƙatar a je da nisa wajen neman misali. Ranar 6 ga Maris 2016, Ƙaramin Ministan Ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, bayan tayar baya ta motarsu ta fashe. Binciken Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ƙarƙashin shugabanta na lokacin Boboye Oyeyemi, ya ambaci gudun wuce ƙima da fashewar tayar da kuma taka birki da ƙarfi bayan ta fashe. Bayan haka an yi ta gangamin wayar da kai kan tayoyin da wa'adinsu ya ƙare, sannan zancen ya lafa kamar yadda irinsa ya saba lafawa. Motar minista ce wannan, a kan babbar hanya, da rani. Ina ga motar ƙaramin jami'in da aka tura duba aiki a Ribas ko Bayelsa a tsakiyar damina?

Direban da ke sauko da kaya daga Arewa ya fi kowa sanin wannan al'amari, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tafiyarsa daga Kano zuwa Fatakwal ta fi kilomita 1,000, kuma a cikinta taya ɗaya take haɗuwa da yanayi iri-iri. Tana fara da busasshiyar kwalta mai zafi ta Zariya da Kaduna, ta bi ta Lokoja inda zafi ke dafa roba, ta kai Obollo-Afor da 9th Mile, ta sauka gangaren Ugwu Onyeama mai shiga Enugu wanda ya yi ƙaurin suna wajen haɗurran manyan motoci. Daga nan sai Lokpanta, inda kasuwar shanu take, sai Aba da Oyigbo, inda ruwa kan kwanta a ramuka har direba ya kasa sanin zurfinsu. Wanda ya bi ta Onitsha kuwa yana da nasa cunkoson na bakin gada da na kasuwanni, inda ake sauke kaya a fili mai laka. A damina ta 2022 ambaliya ta yanke hanyar Abuja zuwa Lokoja a wajen Koton-Karfe, ta kuma yanke hanyar East-West tsakanin Ribas da Bayelsa. Mutumin da ke cin abinci a kan irin wannan hanya ba ya sayen taya don kyawunta.

Abin da zanen taya ke yi a kan jiƙaƙƙiyar kwalta shi ne korar ruwa. Ramukan da ke jikinta magudanai ne. Idan suka cinye, ko gudu ya fi ƙarfinsu, sai ruwa ya shiga tsakanin roba da kwalta, motar ta koma kamar kwale-kwale, a juya sitiyari ba ta ji. Dokar ƙasashen Turai ta tsaida mafi ƙarancin zurfin zane a milimita 1.6, amma wannan iyakar laifi ce kawai, kuma ga mai shiga ruwan Fatakwal jira har a kai can ganganci ne. A cikin taɓo kuma aikin daban ne: ana son manyan haƙora masu tazara da za su ciji ƙasa su kuma tofar da lakar da ta maƙale, domin tayar da laka ta cike zanenta ba ta da bambanci da suɗaɗɗiya.

Daga nan ne tayoyin manyan motocin ofis suka kasu uku. Akwai ta kwalta, mai alamar H/T, wadda yawancin sababbin motoci ke zuwa da ita: ba ta da ƙara, ba ta shan mai, tana da kyau a titunan Maitama da Asokoro, amma taɓo kan ci ta da yaƙi. Akwai ta taɓo zalla, mai alamar M/T, wadda samari masu son burga ke ƙauna saboda kwarjininta. Ita wannan tana da aibin da mai sayarwa ba ya faɗa. A kan jiƙaƙƙiyar kwalta birkinta ya fi tsawo, tana da ƙara, tana shan mai, kuma yawanci ba a yi ta don dogon gudu ba. Motar da za ta yi sama da kilomita 600 a kan kwalta daga Abuja kafin ta ga taɓon farko ba ta da hujjar ɗaura ta. Ta tsakiyarsu, mai alamar A/T, ita ce ta fi dacewa da aikin yawancin motocin hukumomi da ke Neja-Delta, domin tana iya kwalta, tana kuma iya hanyar ƙauye idan ba ta lalace ƙwarai ba. A bar ta taɓo zalla ga motocin da aikinsu a cikin fadama yake, irin na masu duba bututun mai ko masu kai rigakafi ƙauyukan da babu kwalta.

Sai tarkon da ya fi kama mutane. A kasuwar kayan gyaran mota ta Ikoku, nan cikin Diobu, kamar a sauran irinta a faɗin ƙasar nan, ana samun sabuwar taya ana kuma samun ta gwanjo, wadda ake kira 'yar Beljiyam. Cikin na gwanjon akwai masu zurfin zane da ƙananan tsagu barkatai, masu ɗaukar ido, wasu da rubutun M+S a gefe, wasu da hoton dutse mai ƙololuwa uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a tsakiyarsa. Mai saye ya ga haƙora sai ya ce ya samu tayar damina. Tayar hunturun Turai ya samu. An haɗa robarta ne don ta zauna da laushi idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, yanayin da Fatakwal ba ta sani ba. A kan kwaltar Najeriya wannan laushin ne ke zama aibi: tana saurin cinyewa, tana ɗaukar zafi, birkinta yana ƙara tsawo. Harafin M ɗin yana nufin taɓo, gaskiya ne, amma alama ce da kamfani ke bugawa bisa siffar zane. Jamus ma, wadda dokarta ta wajabta tayar hunturu idan hanya ta yi ƙanƙara, ta daina karɓar M+S shi kaɗai tun daga Oktoba 2024. Tayar da aka yi wa Munich, aka gama cin moriyarta a can, ba ta zama ta Diobu don kawai ta tsallako teku.

Akwai wani darasi a wajen Turawan da ke mayar da ƙananan bas-bas ɗakin kwana su yi yawon buɗe ido da su. Sun gane cewa irin wannan mota kullum a cike take da nauyi, kuma takan yi watanni a tsaye wuri ɗaya, don haka aka yi mata taya ta musamman mai alamar CP, mai ƙarfin gefe. Duk wanda ya san harabar sakatariyar tarayya zai ga kamannin. Motar ɗaukar marasa lafiya, da motar asibitin tafi-da-gidanka, da bas ɗin ma'aikata, sukan yi makonni a ajiye cikin rana da ruwa, sannan a tashe su rana ɗaya a cika su da mutane da kaya a hau babbar hanya. Taya tana tsufa ko ba a taka ta ba, gefenta ya tsattsage alhali zanenta na nan kamar sabo. Mafi ƙarancin abin da irin waɗannan motoci ke buƙata shi ne taya mai harafin C, ta ɗaukar kaya. Lambar nauyi a rubuce take a gefe: 100 tana nufin kilo 800 ga kowace taya, 106 kuma kilo 950. Ɗaura wa bas tayar ƙaramar mota don girmansu ya zo ɗaya caca ce da rayuka.

Shekarun taya ma a rubuce suke. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT su ne mako da shekarar da aka yi ta. 3221 na nufin mako na 32 na 2021. FRSC ta daɗe tana cewa shekara huɗu ne wa'adi, wasu kamfanonin taya kuma suna cewa a riƙa dubawa sosai bayan shekara biyar, kada a wuce goma ko ta halin ƙaƙa. A ƙasa mai zafi da ramuka, bin mai tsauri ya fi kusa da hankali. Ita kuwa iska, direbobi suna da dabarar rage ta kaɗan idan za a ratsa taɓo, don taya ta baje ta kama ƙasa. Dabara ce mai kyau, muddin aka mayar da iskar kafin a hau kwalta. Tayar da iskarta ta gaza ita ce ke lanƙwasa tana ɗaukar zafi har ta fashe. Adadin da ya dace yana jikin ginshiƙin ƙofar direba, kuma da safe ake aunawa kafin mota ta yi tafiya, da ma'aunin da aka amince da shi, ba da bugun yatsan mai faci ba.

Za a ce duk wannan zancen mai kuɗi ne, kuma akwai gaskiya a ciki. Direban a-kori-kura da ya sayi 'yar Beljiyam ya san abin da ya saya. Aljihunsa ne ya zaɓa masa. Akwai lokacin da a wannan birni na Fatakwal ake yin taya. Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta nan a 2007, Dunlop ya bi baya a Legas a 2008, cikin koken rashin wutar lantarki da shigowar tayoyin waje masu araha. Tun daga lokacin ƙasar da ke noman roba, har take da cibiyar binciken roba a Iyanomo kusa da Benin, ta koma dogaro da tayar waje, farashinta kuma ya koma bin dala. Tsofaffin tayoyi suna cikin jerin kayan da aka haramta shigo da su, in ban da wasu manya na tireloli da ake sabunta zanensu, amma ga su jibge a kasuwanni. Ba a aljihu suka shigo ba. Tare talakan direba a Oyigbo a ci shi tara kan tayar da ta wuce ta tashar jiragen ruwa ko ta kan iyaka barin jaki ne ana dukan taiki. Aikin yana wuyan Hukumar Kwastam da Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, wato SON, tun a bakin shigowa.

Sai dai wannan uzurin bai shafi gwamnati ba. Hukumar da ta iya sayen mota ta miliyoyin naira ba za ta ce taya huɗu da ta ajiya sun fi ƙarfinta ba. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ba ta ce a ɗauki mafi araha ido rufe ba. Mafi araha cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa take nufi, kuma jami'in da ke rubuta takarda shi ne ke gindaya sharuɗɗan. Idan ya rubuta girman taya kawai, ɗan kwangila zai kawo duk abin da ya yi daidai da girman, ko da ya shekara uku a sito. Idan kuwa ya rubuta irin zanen bisa jihar da motar ke aiki, da lambar nauyi, da cewa kada ta wuce shekara ɗaya da ƙerawa, da cewa ba a karɓar mai alamar dusar ƙanƙara, to mai kula da sito yana da abin dubawa ranar da aka kawo kaya. Motar ofishin Sakkwato da ta ofishin Fatakwal ba su da dalilin sanya taya iri ɗaya don kawai takarda ɗaya ta saye su.

Mataimakin da ke shirya wa maigidansa tafiya zuwa Ribas yakan tabbatar da masauki da jami'an tsaro da jadawalin ganawa. Minti biyar sun ishe shi ya zagaya motar tare da direba, ya karanta lambobin nan huɗu, ya duba tsagu a gefe, ya tambayi yaushe aka auna iska, ya sa a fito da tayar ajiya a gani ko tana da iska. Idan biyu kawai za a iya canzawa, sababbin a baya ake sa su, iri ɗaya, domin motar da bayanta ya zame a cikin ruwa ta fi wuyar kamawa. Ruwan Fatakwal yakan fara tun cikin Maris, saboda haka takardar neman canjin taya ta motocin da ke can a Janairu ko Fabrairu ya kamata ta isa teburin darakta.