Batun Ginin Ƙasa da na Siminti a Zamanin Tsadar Wuta

Tun daga shekarar 2023 al'amura suka yi ta taruwa a kan mai niyyar gina gida a ƙasar Hausa. Ran 29 ga Mayu na wannan shekara gwamnatin Nijeriya ta janye tallafin man fetur, janareta ya zama abin da ba a tayarwa sai da lissafi. Da farkon 2024 buhun siminti, wanda a 2023 ake saye wajen naira 5,000, ya haura 10,000 a kasuwanni da dama, har gwamnati ta kira masu kamfanoni aka zauna a kan farashi. Sa'an nan ran 3 ga Afrilu 2024 hukumar kula da lantarki ta ɗaga kuɗin wuta ga unguwannin da ake kira rukunin A, daga wajen naira 68 zuwa naira 225 kowane yunit. A wannan rana ɗin kuwa zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Mutanen Nijar sun riga sun ɗanɗana nasu rabon, domin bayan juyin mulkin Yuli 2023 Nijeriya ta yanke musu wuta, ba a mayar ba sai Maris 2024.

Ɗan kasuwa ba ya bukatar dogon bayani a nan. Na'urar sanyaya ɗaki guda, wadda ke cin yunit ɗaya a sa'a, in ta yi sa'a takwas a dare bisa farashin nan na Afrilu 2024 ta ci naira 1,800, a wata naira 54,000 ke nan. Mafi ƙarancin albashi da aka tsayar a Yuli na shekarar naira 70,000 ne. Watau ɗaki ɗaya ya kusa cinye ladan ma'aikaci na wata. An ɗan rage farashin daga baya, amma bai koma inda ya fito ba. Ga shi kuwa yawan zafin da za a biya kuɗi a kora, tun ranar da aka ja igiyar harsashi aka zaɓi abin bango da abin rufi aka ƙaddara shi, gidan kuma zai yi ta karɓar wannan haraji daga mai shi da magadansa muddin yana tsaye.

Mafi yawan zafi ta sama yake shigowa. Kano da Katsina da Damagaram suna kusa da tsakiyar duniya, a ƙarshen Afrilu rana tana bi ta tsakar ka sosai, saboda haka rufi shi ke ɗaukar dukanta tun daga hantsi har la'asar. Kwanon rufi kaurinsa bai kai rabin milimita ba, ƙarfe ne kuma, ba ya tsare komai. Da azahar ta yi yakan wuce digiri 60, hannu ba ya iya zama a kansa, ya riƙa watsa zafin nan ƙasa kamar tanda da aka kifa a kan mutane. In an sa silin amma aka toshe tsakani, iskar da ke ɗaure a ciki ta gasu, silin ɗin ma ya ɗauka ya miƙa wa na ƙasa. Bulon siminti mai rami, na inci shida ko tara, ba shi da nauyin da zai jinkirta zafi da yawa, sai ɗaki ya ɗauki wuta tun da sauran rana.

Bangon ƙasa mai kauri wani aiki yake yi daban. Ba ya hana zafi shiga ɗungum, jinkirta shi yake yi. Zafin da ya sauka a bayan bango mai kamu guda da rana sai ya yi sa'o'i masu yawa yana ratsawa, bai isa ciki ba sai rana ta faɗi, kafin nan kuwa ƙarfinsa ya ragu. Shi ya sa wanda ya shiga tsohon zaure a Zariya da azahar a watan bazara yakan ji kamar ya shiga randa, da hunturu kuma ya iske ɗumi da asuba. Amma fa wannan dabara tana da sharaɗi. Abin da bango ya sha da rana dole ya amayar da dare, in ba a ba shi hanyar fita ba ɗaki ya yi turiri bayan isha'i, abin da ke fitar da mutane tsakar gida su kwana ke nan. Maganinsa taga biyu masu kallon juna, ɗaya ƙasa-ƙasa, ɗaya can sama kusa da rufi, a rufe su da rana, a buɗe da dare, iska mai zafi ta tashi ta fita, mai sanyi ta maye gurbinta. Dogayen bangayen gida kuma su fuskanci kudu da arewa, a taƙaita ƙofofi da tagogi a yamma, inda ranar la'asar ke bugowa a kwance ba abin da ke tare ta sai bishiya ko rumfa.

To, in haka ne, me ya sa jama'a suka guje wa ƙasa? Ba wauta ba ce. Ruwa ne ya kore su. Ran Juma'a 11 ga Agusta 2023 wani sashe na babban masallacin Zariya ya rufta ana sallar la'asar, rayuka suka salwanta. Ginin nan Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ya tsaya kusan shekara 190. A farkon Satumba 2024 kuma tsohon masallacin Damagaram, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, ya zube bayan ruwa mai yawa, a daminar da ta rushe dubban gidaje a Nijar. Wanda ya ga ɗakin maƙwabcinsa ya zauna a kan 'ya'yansa da dare, ba a yi masa wa'azin sanyin soro.

Sai dai in an duba yadda ruwa ke kayar da bango, wurare ne sanannu. Yana shiga ta ƙafa, domin danshin ƙasa yana hawa bango kamar yadda kananzir ke hawa lagwani, ya zo da gishiri, gindin bango ya riƙa zagwanyewa har ya kasa ɗaukar abin da ke kansa. Yana shiga ta kai, in indararo ya toshe ko rufi ya tsage, ruwa ya kwanta a soro, ƙasa ta jiƙe ta ƙara nauyi a kan azara. Yana kuma bugun bangon gabas, tun da hadarin ƙasar nan daga gabas yake tasowa da iska. Maginan da suka gabata sun san wannan sarai. Sukan yi gindin bango da kauri ya riƙa sirancewa zuwa sama, su tsawaita indararo ya zubar nesa da tushe, su shafe bango da makuba ta kwasfar ɗorawa, rufin manyan gidaje kuwa da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Dubi yadda sana'o'in gari suka riƙe juna: marina da majema su ke ba magini abin da zai tsare ruwa da shi. Da marina suka ragu, laso ya yi wuya. Giginya kuma, wadda azararta gara ba ta ci, sai ta yi shekaru da yawa kafin ta isa sara, an sare ta fiye da yadda aka shuka. Azara ɗaya ba ta wuce wajen ƙafa shida ba tare da tallafi ba, shi ne dalilin ƙuncin ɗakunan talakawa, shi ne kuma ya sa gwanaye suka ƙago bakan gizo da ɗaurin guga don zaurukan sarakuna.

Akwai kuma laifin da ba na ƙasa ba ne. Kududdufan birnin Kano ramuka ne da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, da damina su ke shanye ruwan unguwa. An cike da yawansu an yi gini a kai, ruwa ya rasa masauki, ya koma gindin bangon mutane. Haka kuma al'adar shafe bangon ƙasa da siminti, wadda ake yi da nufin gyara, sau da yawa ɓarna take jawowa. Siminti da ƙasa ba sa miƙewa da tsukewa tare, shafen ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar bushewa, bango ya ruɓe a ɓoye alhali fuskarsa tana ƙyalli, wata rana shafen ya ɓanɓaro gaba ɗaya.

Kada kuma a ɗauka bulo ya tsira. Siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, ruwa yake sha ya ƙulle, yana bukatar a yi ta ba shi ruwa kamar mako guda, ƙarfinsa kuma bai cika ba sai bayan kwana 28. Da buhu ya yi tsada, masu buga bulo da yawa sai su ƙara yashi su tsawaita buhu, su shanya a rana kwana biyu su sayar. Irin wannan bulo yatsa ma yana marmashe shi. Mai gida ya biya kuɗin siminti, ya samu abin da bai kai tubali ƙarfi ba, bai kuma kai shi sanyi ba.

Hanyar da masana gini suka tsaya a kai ita ce a ba kowane abu wurinsa. Siminti da dutse su tafi inda ruwa yake, watau harsashi da gindin bango har ya ɗaga sama da ƙasa kamar kamu guda, a shimfiɗa leda mai kauri ko kwalta a kai don yanke hawan danshi, a kuma ɗaura ɗamarar kankare da rodi a saman bango ta riƙe shi. Tsakani kuwa ƙasa. Ana tankaɗe jar ƙasa, a zuba mata siminti kaɗan, kamar kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, a ɗan jiƙa, a matse ta cikin injin hannu ta fito bulo mai kusurwa, a rufe shi ya yi makonni a inuwa. Injin ba sabon abu ba ne, a ƙasar Kolombiya aka ƙago shi tun shekarun 1950, maƙeran zamani kuma suna iya ƙera irinsa. Ba kowace ƙasa ke yi ba. Baƙar laka irin ta firki a yankin tafkin Chadi tana kumbura da damina ta tsage da rani, ba ta dace ba. Gwajin farko mai sauƙi ne: a zuba ƙasa cikin kwalba da ruwa a girgiza a ajiye, yashi ya kwanta a ƙasa, laka a sama, a ga rabon kowanne. Ana son yashi ya rinjaya, laka ta zama daidai abin da zai ɗaure shi.

An riga an yi wannan a ƙasar Hausa kanta. A garin Dandaji na Nijar akwai tsohon masallacin ƙasa, aikin Alhaji Falke Barmu, maginin da masallacinsa na Yama ya ci lambar Aga Khan a 1986. Da ginin ya tsufa aka yi shawarar rushe shi, sai masu zanen gini biyu, Mariam Issoufou Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran, suka gyara shi tare da maginan gargajiya ya zama ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum 1,000 kusa da shi da bulon ƙasa matsattse, aka gama a 2018. Kafin nan, a 2016, su da abokan aikinsu sun gina gidaje shida masu bene a Yamai da irin wannan bulo. Batun rufi kuwa, abin koyi yana ƙauyen Gando na Burkina Faso, inda Francis Kéré ya gina makarantar firamare a 2001. Ya yi silin da bulon ƙasa, ya ɗaga kwano a samansa bisa ƙarafa, ya tsawaita bakinsa sosai. Kwano ya zama laima, yana tare rana da ruwa, iska tana wucewa tsakaninsa da silin tana kwashe zafin, bango kuma yana cikin inuwa. A 2022 aka ba shi lambar Pritzker, wadda ta fi kowace girma a wannan fanni.

Abin da ya hana wannan yaɗuwa yawancinsa yana wajen mutane. Gidan ƙasa ya zama alamar rashi a idon jama'a, har mai neman aure yakan ji kunyar a ce ɗakinsa na ƙasa ne, mai haya kuma yana ƙara kuɗi da zarar an ce ginin bulo. Birkilolin yau a kan bulo suka koyi aiki, 'ya'yan magina da yawa sun bar sana'ar iyayensu. Cibiyar binciken gini da hanyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1978, ta daɗe tana ƙera injinan matsa bulon ƙasa, amma muddin gwamnatoci ba su gina makarantu da ɗakunan shan magani da gidajen ma'aikata da shi ba, talaka ba zai gaskata ba, domin abin da ya ga hukuma da attajirai suna yi shi yake bi. A nan attajiran Kantin Kwari da na kasuwar Maradi suna da ta cewa fiye da jami'a. In mutum guda da aka san yana da halin sayen siminti tirela-tirela ya gina gidansa ko makarantar allon unguwarsu da matsattsiyar ƙasa, magana ta canja a unguwar.

Wanda kuwa ya riga ya yi nasa da bulo da kwano, akwai abin da ya rage masa mai araha. Farin fenti a bayan kwano yana mayar da hasken rana da yawa, kwanon ya rage zafi ƙwarai, sai dai ƙurar hunturu tana dusashe shi, yana son wanki kafin bazara. A huda ƙananan kafofi masu raga a ƙarƙashin bakin rufi ta ɓangarori biyu don iskar da ke saman silin ta samu mafita. A dasa darbejiya a yamma da ɗaki, nesa da harsashi kaɗan saboda saiwa. Mai soron ƙasa kuma ya hau sama tun a watan Afrilu, kafin hadarin farko, ya share bakin indararo, ya cike kowace tsaga, ya tara ƙasa a gindin bango ta gangara waje.